Lambar da ba ta fita da biro

Duk manhajar da aka ce za ta yi wa mutum lissafin kuɗi, ni ba fuskarta nake fara kallo ba. Takardun bayaninta nake nema, a cikinsu ma abu guda nake farauta: in na ɗauki biro da takarda na bi abin da suka rubuta daki-daki, zan fitar da lambar da manhajar ta fitar? In zan iya, sai mu zauna mu yi ciniki. In ba zan iya ba, to komai kyan zanen shafin, talla ce aka yi wa ado da alƙaluma.

Akanta ne ni. Littattafan kasuwancin kawuna nake riƙewa a nan Birnin Kebbi. Taki muke sayarwa da iri da maganin feshi, wani kuɗi hannu, wani bashi, in an yi girbi mu karɓi shanshera mu kai wa masu injin casa. Tun da aka ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers, na rancen noma na Babban Banki, a garin nan a Nuwamban 2015 manoman shinkafa suka saba da karɓar kayan noma su biya da amfanin gona. Shirin ya yi sanyi, sabon dai ya zauna. Mutanenmu suna warwatse daga Argungu da Augie har Bunza da Suru da Jega, kuma kusan duk hulɗarmu da su a waya take. Yara uku ke zaune a ofis suna amsa tambayoyin da ba sa ƙarewa: nawa ne buhun yuriya yau, alat ya shigo, saura nawa ake bina, yaushe mota za ta zo.

Ɗan Kawu, wanda ya gama jami'a a Aliero, shi ya kawo maganar a ɗauko wakili na ƙirƙirarriyar basira. Ba irin mai hira kawai ba. Wannan shi ne wanda aka ce zai buɗe littafin bashi da kansa, ya duba abin da ake bin mutum, ya yanka rasit, ya tuna wa mai bashi lokaci ya yi, ya rubuta oda. Wani kamfani ya turo mana manhajar da ke auna ribar da za a samu in an zuba kuɗi a wakilin nasu. Ka sa yawan ma'aikata, ka sa yawan saƙon da ke shigowa a rana, ka danna. Sai ta hasko da koren launi cewa jarin zai dawo da fiye da ninki uku, kuma cikin 'yan watanni uwar kuɗi ta fita. Da yaron ya kai wa Kawu wayar, ya gyara tabarau ya duba, abin da ya ce kawai shi ne, "Wagga lamba daga ina tah hito?" Sai ya juyo wurina: "Ɗana, tai ka karanta muna takardunsu."

In don kyau ne, takardun sun yi kyau. Ga hotunan allo, ga kibiyoyi ja suna nuna inda za ka danna, ga ɗan bidiyo da kiɗa a ƙasa-ƙasa. Wanda bai taɓa riƙe kwamfuta ba ma zai iya cika akwatunan ya ga sakamako. Akwai wani masanin rubuta irin waɗannan takardu, Daniele Procida, da ya kasa su gida huɗu a tsarin da ya kira Diátaxis: darasi ga sabon shiga, jagorar yadda ake wani aiki takamaimai, kundin da ke faɗin ainihin mene ne kowane abu, sai bayanin dalilin da ya sa aka gina abin haka. Rabon ya yi mini amfani, don da shi na gane abin da ke damuna. Gida biyu na farko sun cika sun batse. Biyun ƙarshe kusan fayau. Ga manhajar tura hoto ko ta kiran tasi wannan ba laifi ba ne, ba ruwan mutum da abin da ke cikin cikinta. Amma manhajar da aikinta kaf shi ne ta fitar da lambar da za a yanke shawarar kashe miliyoyi a kanta, waɗannan gidaje biyu na ƙarshe su ne ita kanta hajar.

Sun dai rubuta ƙa'idar lissafin. A cire kuɗin da aka kashe daga amfanin da aka samu, a raba da kuɗin da aka kashe, a ninka da 100. Wannan kowane ɗan sakandare da ya yi darasin kasuwanci ya san shi. Rigimar ba a nan take ba, tana cikin me aka zuba a buhun da aka rubuta wa "amfani". Na bi shafi-shafi har na iske cewa kusan duk amfanin abu ɗaya ne: darajar awoyin aiki da wakilin zai rage wa ma'aikata. To nawa ne awa guda? Ba a tambaye mu ba lokacin da muke cika akwatuna. Ashe akwai wani ƙaramin maɓalli a can ƙasa, in ka buɗe shi sai ka ga an riga an cusa kuɗin awar ma'aikaci, da dala. A cikin takardun sau ɗaya tak aka ambace shi, a sashen tambayoyi da amsoshi, aka ce matsakaicin abin da ake biya ne a wannan fanni. Wace ƙasa, ba a faɗa ba. Wace shekara, ba a faɗa ba.

Bari mu yi lissafin tare, don a nan maganar ta fi nauyi. Mafi ƙarancin albashi na tarayya a Amurka dala 7.25 ne a awa, tun 2009 bai motsa ba, kuma lambar da aka cusa a manhajar ta ninka wannan. Namu mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne a wata tun Yulin 2024. In ka raba shi da kwana 22 na awa takwas-takwas, awa guda ba ta cika naira 400 ba. A ce dala tana naira 1,500, awar ma'aikacin da ya fi kowa ƙarancin albashi a Amurka ta kusa naira 11,000. Wato ta ninka tamu sau 27, tun kafin a zo kan lambar da su suka sa. Kuɗin wakilin kuwa ba ya duba ƙasar da kake, da dala ake biyan kamfanonin da suka mallaki ƙwaƙwalwar da yake aiki da ita, ko kana Kalifoniya ko kana Kalgo. Da na goge lambarsu na sa ainihin abin da muke biyan yaranmu, koren nan ya koma ja.

Manhajar ba ta yi ƙarya ba. Abin da aka ba ta ta ninka. Laifin na wanda ya rubuta bayanin ne, da ya ɓata shafi guda yana koya mini yadda zan sauke sakamakon in kai wa maigida, bai iya rubuta layi biyu a shafin farko ba cewa, kafin ka yarda da komai, canza wannan lambar, domin ita ke juya sakamakon fiye da duk sauran. Da na yi wa Kawu bayani, cewa ya yi, "Ashe da mudunsu anka auna." Haka ne kuwa. A kasuwa in an ce maka hatsin nan mudu arba'in ne, ba ka ce na gode, sai ka ce a miƙo mudun ka juya shi ka ga gindinsa. Takardun bayani su ne wurin da ake miƙo wa mai saye mudun.

Ko an gyara kuɗin awa ma, akwai sauran rina a kaba. Awar da aka rage wa ma'aikaci ba kuɗi ba ce sai ranar da wani abu ya fita daga takardar albashi, ko wani sabon ciniki ya shigo. A ce wakilin ya ɗauke wa kowane yaro aikin awa biyu a rana. Ƙarshen wata albashin uku nan zan biya cif, sannan in ƙara da kuɗin wakili. Kawu ba zai sallami kowa ba, ɗaya maraya ne ɗan amininsa, ɗaya shi ke riƙe da iyayensa, na ukun kuma shi kaɗai ya iya Zabarmanci a ofishin. Duk mai kasuwanci a ƙasar nan ya san wannan hali. Takardar kirki za ta raba abu biyu a fili, kuɗin da suka tsira a aljihu da lokacin da ya samu, sannan ta ce wa mai karatu na biyun ba ya shiga banki sai in ka san abin da za ka yi da shi. Tasu ta haɗe su wuri guda ta kira su tanadi.

Abin haushin ma, inda nake jin wakilin zai iya amfanar mu da gaske, manhajar ba ta da akwatinsa. Babbar asararmu ba albashi ba ce, bashin da ba ya dawowa ne. Manomin da aka tuna wa kwana kaɗan kafin ya sayar da shinkafarsa ya fi wanda aka tuna wa bayan an ɗaura auren 'yarsa da kuɗin saurin biya. In wakili zai iya bin mutum ɗari-ɗari da tuni a kan kari, ba gajiya ba jin nauyi, wannan kuɗi ne na gaske. Da takardun sun bayyana irin kasuwancin da aka gina lissafin dominsa, da tun farko na san an yi shi ne don manyan ofisoshin amsa kiran kwastoma, inda albashi shi ne kusan duk kashe-kashen, na san ba rigata ba ce.

Sai lamba ta biyu da aka cusa: kaso mai tsoka na saƙonni wai wakilin zai kammala su ba tare da mutum ya sa baki ba. Na nemi inda aka faɗi me ake ƙirgawa a matsayin an kammala. Babu. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, domin a irin wannan sana'a ana iya ƙirga hira a matsayin ta kammalu in kawai mutum ya yi shiru bai sake rubutu ba. Manominmu in amsa ba ta gamsar da shi ba, ba musu zai tsaya yi da na'ura ba. Kiran Kawu zai yi kai tsaye, ko ya hau mashin ya zo shago ransa a ɓace. A allon wakili an ci nasara, a ofis aiki ya ninka.

Wanda ke ganin tsoron banza ne ya tuna da Klarna, kamfanin biyan kuɗi na Suwidin. A Fabrairun 2024 suka shelanta cewa mataimakinsu na ƙirƙirarriyar basira ya yi hira miliyan 2.3 a watansa na farko, aikin da ya yi daidai da na ma'aikata 700. Lambar ta zaga duniya, kusan duk mai tallar irin wannan kaya ya ɗauke ta. A Mayun 2025 shugaban kamfanin, Sebastian Siemiatkowski, da bakinsa ya ce sun fifita rage kuɗi har ingancin aiki ya ragu, kuma suna neman mutane su dawo amsa kwastoma. Lambar farko gaskiya ce. Abin da take aunawa ne bai kai abin da aka ɗauka tana aunawa ba.

Su ma ke nan da kwastomominsu ke rubutu da harsunan da na'urar ta fi ƙwarewa a kai. Mu galibin abin da ke shigo mana saƙon murya ne. Mutum yana tsakiyar fadama, injin ban ruwa na ruri a bayansa, iska na kaɗawa, ya yi sallama da gaisuwa ta minti guda, ya tambayi iyali, sannan ya ce a aiko masa da "irin na bara". Wani da Hausar Kabi, wani da Fulatanci a gauraye, wani da Zabarmanci. Takardun sun ce wakilin yana jin harsuna da dama, har da Hausa a jerin. A wane harshe aka auna kason nan da aka cusa? Da rubutu ko da murya? Shiru. Kuma harshe yana taɓa kuɗi kai tsaye, ba inganci kaɗai ba. Waɗannan na'urori ba kalma-kalma suke caji ba, suna daddatsa rubutu ne gutsure-gutsure, abin da ake kira tokin, a biya bisa yawansu. Harshen da bai yawaita a abin da aka horar da su ba ya fi daddatsuwa. Wasu masu bincike a jami'ar Oxford sun nuna a 2023 cewa magana ɗaya in aka juya ta zuwa wasu harsuna tana iya cin tokin har ninki 15 na Turanci. Hausa ba ta kai can ba, amma ta fi Turanci ci. Ƙari a kan haka, wakili ba sau ɗaya yake tuntuɓar ƙwaƙwalwar ba a kan tambaya guda. Zai karanta, ya yanke shawarar duba littafi, ya duba, ya sake karantawa, in abu ya ƙi ya maimaita. Kowane zagaye kuɗi ne. Manhajar kuwa farashi ɗaya ta ɗora wa kowace hira, ba tare da an ce ga yawan zagayen da aka ɗauka ba.

Kuskure fa? Babu akwatinsa ko kaɗan, kamar wakilin ba ya yi. Ga ɗan lissafin da nake so duk mai sayen irin wannan kaya ya riƙe. In aiki yana da mataki goma, kowane mataki wakilin na yin daidai sau 95 cikin 100, to damar ya gama goman duka lafiya kusan 60 ce cikin 100, don ninka su ake yi ba tarawa ba. Yanka rasit ga mai bashi bai rasa matakai masu yawa: gane wane ne, a cikin masu suna iri ɗaya da suka cika littafinmu, gano asusunsa, tabbatar da alat, cire abin da ya biya, da sauransu. Ranar da wakili ya gaya wa wani cewa bashinsa ya ƙare alhali saura buhu shida, wa zai je ya ce masa na'ura ce ta yi kure? A Kanada an gwada wannan uzuri. Manhajar hira ta kamfanin Air Canada ta faɗa wa wani fasinja da aka yi wa rasuwa cewa zai iya neman rangwamen tikiti bayan ya yi tafiya, abin da ya saɓa wa ƙa'idar kamfanin. Kamfanin ya yi ƙoƙarin cewa manhajar ita ke da alhakin maganarta. A Fabrairun 2024 kotun ƙananan ƙararraki ta British Columbia ta yi watsi da wannan, ta ce ya biya. Mu nan ba ma sai an je kotu ba. Labari ya kai majalisar ƙofar masallaci cewa lissafin gidan Alhaji ya fara ruɗewa, wannan ya fi tarar alƙali ciwo.

Akwai kuma akwatin da aka bar mana mu cika da kanmu: minti nawa ma'aikaci ke ɗauka a kan saƙo guda. Takardun cewa suka yi ka ƙiyasta, ko ka tambayi ma'aikatanka. Na tambayi yaran, kowa da amsarsa, kuma ba wanda ya yi niyyar ƙarya. Mutum dai ba ya iya auna lokacinsa da ka. Wata cibiyar bincike mai suna METR ta gwada wannan a 2025 da ƙwararrun masu rubuta manhaja su 16. Bayan sun yi aiki da taimakon ƙirƙirarriyar basira sun ɗauka sun ƙara sauri da kusan kashi 20 cikin 100. Agogo kuwa ya nuna aikin ya ƙara ɗaukar su lokaci da kashi 19. Mutanen da lissafi ne abincinsu ke nan. Don haka takardar da ta san ciwon kanta ba za ta ce ƙiyasta ba, za ta ce ga yadda za ka auna, ga tsawon lokacin da ya kamata ka auna, kuma ka auna kafin a kawo wakilin, don in ya riga ya shigo ba ka da abin gwadawa.

Sauran ramukan ba sai na daɗe a kansu ba. An tara ribar shekara uku an jera kamar nairar bana da ta baɗin baɗaɗa ɗaya suke, a ƙasar da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disamban 2024, Babban Banki kuma ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5. Ba inda za ka sa canjin dala, alhali duk wanda ya ga yadda ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 ta haye 1,500 a farkon 2024 ya san wannan shi kaɗai ya isa ya kifar da lissafi. An ɗauka kowane wata saƙonni daidai suke, mu kuwa a farkon noman rani da lokacin girbi waya ba ta hutawa, a tsakani sai yaran su wuni suna kallon ƙwallo. Kuɗin data, da hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara da kashi 50 a Janairun 2025, da kuɗin wuta, da wahalar mayar da littafin bashinmu na takarda zuwa abin da na'ura za ta iya karantawa, duk ba su a lissafi.

Abu ɗaya da ke tona asirin takardu cikin sauri shi ne kwanan wata. Ba shafi ko ɗaya da aka rubuta ranar da aka sabunta shi. Na gane tsufansu ne ta wani hoto da ke nuna cajin WhatsApp na 'yan kasuwa bisa kowace hira, alhali tun 1 ga Yulin 2025 Meta, mai WhatsApp, ta koma caji bisa kowane saƙo. In wannan ya tsufa ba a lura ba, me kuma ya tsufa? Farashin tokin yana canzawa a kai a kai, ana janye tsofaffin ƙwaƙwale a kawo sababbi. Manhajar lissafi da ba ta da jerin canje-canjen da aka yi mata, in ka dawo bayan wata biyu ka ga lamba ta sauya, ba ka da hanyar sanin kasuwancinka ne ya canza ko su suka taɓa wani abu a ciki. Sannan kafin ta nuna cikakken sakamako sai da ta karɓi lambar waya da imel. Me ake yi da albashin ma'aikatanmu da yawan cinikinmu da muka zuba mata, ba a faɗa ba, ga shi akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan tun Yunin 2023.

Ƙanen nawa, ɗan Kawu, bai ji daɗin yadda na yi wa abin filla-filla ba. "Yaya, kai ka cika bin ƙwaƙƙwafi," in ji shi. "Wa ke karanta waɗannan takardun? Ai gwadawa ake yi a gani. Ko sun rubuta duk abin da kake so, ba wanda ya san abin da zai faru sai an kunna." Rabin maganarsa gaskiya ce, kuma na faɗa masa. Ba lissafin da zai maye gurbin gwaji. Amma gwajin ma sai ka san me za ka sa wa ido, kuma takardun ne ya kamata su gaya maka. Kamfanin Gartner, mai nazarin harkokin fasaha, ya yi hasashe a Yunin 2025 cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na ayyukan kafa irin waɗannan wakilai za a soke su kafin ƙarshen 2027. Hasashe ne, kuma na masu sayar da shawara, don haka ba na ɗaukarsa kamar yankan wuƙa. Dalilan da suka bayar ne suka tsaya mini: kuɗi na hauhawa fiye da yadda aka zata, amfanin bai fito fili ba, ba a shirya wa haɗari ba. Ukun nan su ne daidai wuraren da takardun da ke gabana suka yi gum.

Ƙanen nawa dai ne ya nemo wani kamfani na biyu, ƙarami, wataƙila don ya nuna mini duk haka suke. Nasu ba shafi mai launi ba ne, fayil ne na Excel da 'yan shafuka na bayani, ba hoto ko ɗaya, har da kurakuran rubutu. Amma kowane akwati in ka danna za ka ga lissafin da ke ƙarƙashinsa. Kowace lambar da suka cusa an rubuta a gefenta daga ina ta zo, da watan da aka ɗauko ta, waɗanda kuma zato ne an rubuta zato ne. Akwai misali guda da aka bi daga farko har ƙarshe da alƙaluma, na bi shi da biro na fito daidai inda suka fito. Sakamakon ba lamba ɗaya ba ce, uku ne: in abu ya yi kyau, in ya zo tsaka-tsaki, in ya ɓaci. Akwai wurin sa canjin dala, akwai na kason saƙonnin da za su dawo hannun mutum, akwai na kuɗin gyara kuskure. Sai wani ɗan sashe da ya fi komai burge ni, mai taken inda wannan lissafi ba ya aiki. A ciki suka ce in albashin ma'aikatanka ƙarami ne, kada ka sa ran riba daga rage awoyi, ka nemi ribar a wani wuri ko ka haƙura. Mai kaya ne ke gaya maka yanayin da bai kamata ka saya ba. Wannan bai tabbatar mini wakilinsu ya fi na farkon iya aiki ba, mai yiwuwa ma na farkon ya fi shi. Abin da ya tabbatar shi ne in mun yi gardama da su nan gaba, akwai rubutun da za mu buɗe mu duba tare.

Na tura wa kamfanin farko tambayoyina. Wani matashi mai ladabi ya kira ni, ya amsa wasu da baki, amsoshi masu kyau ma. Na ce masa ya taimaka a sa su a cikin takardun, ko a turo mini a rubuce, domin Kawu ba ya sa hannu a kan abin da aka faɗa a waya. Ya ce zai isar.

Yanzu dai akwai takarda a kan teburin kowane yaro, an ja mata layuka. Duk saƙon da ya shigo za a sa alama: rubutu ne ko murya, da wane harshe, tambayar farashi ce ko ta bashi ko ta mota, ƙarfe nawa aka fara ƙarfe nawa aka gama. Za a yi haka har a ratsa girbi, don a kama lokacin cunkoso da na zaman banza duka. In an zo gwaji, Kawu ya yarda da abu biyu kawai, faɗin farashin rana da tunin bashi, shi ma tunin sai yaro ya duba adadin kafin ya fita. Wakili ba zai taɓa littafin bashi ba, ba zai yanka rasit ba. Biya kuma wata-wata, da naira, kuma a rubuta a yarjejeniya cewa in za su ƙara kuɗi sai sun ba mu sanarwar wata guda.